Kaka biyu da .243: bindigar da na saya wa yarona don farautar barewa

Ranar da na fara kai babban yarona filin gwajin harbi, da bindigar aro muka tafi. Ta wani dattijo ce maƙwabcina a nan jihar Pensilbaniya, mai babban harsashin da ake kira .30-06, wadda ya daɗe yana harbin barewa da ita tun kafin in zo Amurka. Yaron yana da shekara 12 a lokacin, siriri, nauyinsa bai kai kilo 40 ba. Harbin farko ya daure. A na biyu na ga ya ciji leɓe. Kafin na uku sai dattijon ya karɓi bindigar, ya juya baya kamar yana ɗura harsashi, ya miƙo masa ita wayam. Yaron ya kwantar da kunci, ya yi saiti, ya ja kunama. Ƙas kawai muka ji, amma ya riga ya runtse ido biyu, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindigar ya nutsa ƙasa. Tsoron naushin da bindiga take yi a kafaɗa in an harba ne ya sa shi haka. A mota na tambaye shi ko ya ji ciwo, ya ce, "A'a Baba, ba zafi," yana faɗa yana murza kafaɗa.

Daren nan na kasa barci da wuri. Ni na taso ina ganin kawuna yana ɗura wa adaka albarushi, kuma na san maharbin da ya fara tsoron bindigarsa dabba zai riƙa raunatawa, ta gudu ta je ta mutu a wahalce inda ba wanda zai ci namanta. Ban so yarona ya fara da wannan alhakin ba.

Na yi kusan wata biyu ina tambaya ina karatu. Harsasai huɗu ne aka yi ta ambata mini. Akwai .30-30, tsohon hannu tun 1895, wanda ya cika tukwane da yawa a dazukan gabashin Amurka. Akwai 7mm-08 da ya fito a 1980, da 6.5 Creedmoor na 2007 wanda matasa suke yayi. Sai .243 Winchester, wanda aka fitar a 1955 ta hanyar tsuke wuyan kwanson .308 ya riƙe ƙaramin harsashi mai faɗin milimita 6. Shi na zaɓa, kuma dalilina ɗaya ne: naushinsa bai kai rabin na .30-06 ba idan nauyin bindigogin ya zo ɗaya, ga shi harsashin mai giren 100, wato kimanin giram 6.5, yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa guda. 7mm-08 ya fi shi ƙarfi, kuma da yaron ya kai shekara 15 da ƙila shi zan ɗauka, amma dattijon ya samo mana aron guda muka gwada, na ga idon yaron yana ƙiftawa. Da .243 kuwa ido buɗe yake harbi, har yana gaya mini inda ya samu kafin mu je mu duba takardar.

Bindigar da na saya irin wadda ake ja da hannu ce bayan kowane harbi, domin dokar jiharmu ba ta yarda a harbi barewa da raifil mai ɗura kanta ba. Da sunana na saya, aka binciki takarduna kamar yadda aka saba, kuma a akwatin ƙarfe mai makulli take kwana, makullin yana aljihuna. Wannan shi ne sharaɗin mahaifiyarsa tun farko, na kuma ga gaskiyarta.

Abin da ban sani ba sai da na riƙa, tsawon gindin bindiga yana da muhimmanci kusan kamar girman harsashin. Ta manya, daga kunama zuwa inda take zama a kafaɗa, wajen inci 13 da rabi ne. Ta yara kuwa inci 12 da ɗan wani abu. Inci ɗayan nan kamar ba komai ba, amma ka sa wa yaro rigar sanyi mai kauri ta ƙarshen Nuwamba, ka ɗora masa rigar nan mai ruwan lemo da doka ta wajabta, sai ka ga yana miƙa wuya kamar zakara kafin idonsa ya kai madubin saiti. Gindin ya zame daga lungun kafaɗa ya koma kan ƙashin hannu, to nan ne ko ƙaramin harsashi yake yin zafi. Da gajeren gindi kuwa tana zama daram. Na san yaran da aka ba .243 mai dogon gindi suka tsane ta, aka ɗora laifin a kan harsashin.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Madubin saitin da aka haɗo da ita a kwali na arha ne, da rana ta fara faɗuwa sai ya dushe, kuma lokacin ne barewa take fitowa kiwo. Bayan mako uku na cire shi na sa wani. Ƙara kuma tana da ita sosai, don bututun inci 20 ne, gajere, kuma na lura rabin firgitar yaro daga kunne take shigowa. A filin gwaji toshiyar kunne biyu yake sawa, ta ciki da ta waje. Wata uku muka yi muna zuwa filin Hukumar Namun Daji duk Asabar, harbi goma ko sha biyu mu tashi tun bai gaji ba, sauran kwanakin kuma yana koyon jan kunama da ƙaramar .22 wadda ba ta da naushi ko kaɗan.

Sai maganar harsashin kansa, wadda nake roƙon duk uban da zai sayi .243 ya kula da ita. A kan kanta guda za ka ga kwali mai giren 55 ko 58 kusa da mai giren 95 ko 100, duk an rubuta .243. Masu sauƙin an yi su ne don ƙananan dabbobi, suna tarwatsewa da sun taɓa nama, a jikin barewa sai su yi mummunan rauni a sama ba su kai huhu ba. Na barewa su ne masu nauyin, waɗanda suke buɗewa a hankali suna ratsawa. Ka karanta kwalin da kanka, ka kuma yi saitin bindigar da irin wanda za a fita daji da shi.

A watan Oktoba jiharmu tana ware wa yara masu lasisi 'yan kwanaki su harbi macen barewa kafin cunkoson manya. Barewar nan mai farar wutsiya ta fi tamu ta gida girma nesa ba kusa ba. Mun zauna a gindin wata bishiya tun kafin gari ya waye, sanyi yana cin yatsu. Wajen ƙarfe bakwai da rabi ta fito, yadi saba'in tsakaninmu, ta tsaya ta ba mu haƙarƙari. Na riga na tambayi limaminmu, ya ce a ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan an iske ta da rai a yanka. Na ji yaron ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya ɗora bindigar a kan sanduna biyu da muka ɗaure, ya harba bayan ƙafar gaba. Ta yi tsalle ta shige kurmi kamar ba a taɓa ta ba.

Nan ne na ga raunin .243 da idona. Mun jira rabin sa'a, muka je inda ta tsaya, ba komai sai gashi kaɗan. Taku goma, ba jini. Yaron ya fara haɗiye miyau, ya ce, "Baba, ko na kuskure?" Na durƙusa ina juya ganye ɗaya bayan ɗaya, can na ga ɗigo kamar ƙwayar dawa, ja mai haske da 'yar kumfa, alamar huhu. Daga nan ɗigo nan, ɗigo can, wani a jikin kara, sai mun yi rarrafe muke gani. Yadi sittin ɗin nan sun ɗauke mu fiye da minti ashirin. Mun same ta kwance ta riga ta cika, harsashin ya ratsa huhu biyu ya fita, amma ramin fitar bai fi kan ɗan yatsa ba. Da ruwan sama ake yi, ko da yamma ce duhu ya shigo, ban san yadda za mu ƙare ba. Babban harsashi yakan bar jini a fili, wannan kuwa sai ka iya bin sawu. Yaron ya cika takardar shaida da hannunsa yana rawa, ya ɗaura mata a kunne kamar yadda doka ta ce.

Saboda abin da na gani ranar, na kafa masa iyaka: kada ya wuce yadi 150, kuma sai dabba ta ba shi gefe sosai, ba ta fuskanto shi ba, ba ta ba shi baya ba. Bindigar tana iya kaiwa nesa da haka, hannunsa ne bai kai ba tukuna. A kaka ta biyu wani namiji mai ƙaho ya fito a kusan yadi 200, ƙirjinsa yana kallonmu a karkace. Yaron ya daɗe yana dubansa ta madubi, sannan ya ɗaga kai ya girgiza mini shi. Kakar nan hannu rabbana muka dawo gida, kuma ban taɓa jin daɗinsa kamar na ranar ba.

Wanda yake wata jiha ya duba dokarsu kafin ya kashe kuɗi. Maƙwabciyarmu Ohayo ba ta yarda da harsashi mai tsukakken wuya irin .243 ba a farautar barewa, sai mai miƙaƙƙen kwanso, shi ya sa iyaye a can suke sayen .350 Legend da ya fito a 2019, shi ma naushinsa da sauƙi.

Naman waccan barewar ba kitse, mahaifiyarsa ta yi dambu da wani, ni kuma na yi kilishi da cinya ɗaya a tanda, muka kai masallaci ranar Juma'a. Yanzu yaron ya shiga 14, hannunsa ya ƙara tsawo, na sayo abin ƙari na inci ɗaya zan ɗaura a gindin bindigar kafin Satumba. Harsashin dai mai giren 100 za mu ci gaba da shi, akwai sauran kwali biyu a akwati.