Katunan kalmomin lissafi da Hausa: abin da na gani bayan wata uku

Wata uku ke nan da na sayo wa 'yata katunan nan na kalmomin lissafi da Hausa. Na ƙi yin magana a kansu tun farko ne don kaya ba ranar da aka ɓare ledarsa ake sanin ingancinsa ba. Guda 60 ne a kwali ɗaya, kowanne bai fi tafin hannu ba. A gaba akwai alama ko lamba, a baya kuma kalmar da misali guda.

Abin da ya sa na neme su shi ne, yarinyar shekararta 8, tana rera jadawalin ninkawa da Turanci tiryan-tiryan, amma ranar da na zube mata maɓalli 12 na ce ta raba wa mutum 3, sai ta yi tsuru tana kallona. Haddar na nan, ma'anar ce ba ta shiga ba.

Katunan ayyuka huɗu su suka fara yi mana rana: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Duk kalmomi ne da take ji a gida tun tana rarrafe. Da ta juya katin alamar ɗebewa ta karanta "a ɗebe 4 daga 9, saura nawa?", ba ta ko ƙirga yatsu ba ta ce biyar, sannan ta ɗago kai ta ce, "Umma, ashe wannan ne? Ai ɗebewa ce kawai." Haka katin "sau": 3 sau 4, an zana layi 3, kowanne da ɗigo 4. Na kuma yaba da wani hankali da masu katin suka yi. A rubuce, tara ta lamba da tara ta haɗawa iri ɗaya ce, a baki ne kawai ake jin bambancin, don ta haɗawa ana jan wasalinta na farko. Da sun rubuta "tara tara da tara" da yaro ya rikice, sai suka sa "a haɗa 9 da 9". Wanda ya yi wannan ya taɓa zama da yara.

Inda katunan suka fi ƙarfi shi ne kashe-kashen abu guda. Ba su tsaya a rabi da kwata ba. Akwai sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, har ushuri, kowanne an rubuta shi da lamba, an kuma sa yadda ake karanta shi, kamar ɗaya bisa uku. Duk da'irorin da aka zana girmansu ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yata ta kafe a kan cewa sumuni, wato ɗaya bisa takwas, ya fi rubu'i, wato ɗaya bisa huɗu, yawa, tunda 8 ta fi 4. Ban yi mata musu ba. Na ajiye katunan biyu kusa da juna, ta sa ɗan yatsa ta auna yankin da aka shafa wa launi a wannan, ta auna na wancan, ta yi shiru. Can ta ce, "In masu rabon sun yi yawa, kowa kaɗan zai samu." Ni ban taɓa iya faɗa mata hakan da kyau haka ba.

Mahaifiyata na zaune a gefe ranar. Ita ba ta yi boko ba, amma da ta ji jikarta na cewa sudusi da sumuni sai ta miƙo hannu a ba ta katin. Ta ce ita tumuni ta san ana cewa, ba sumuni ba, kuma waɗannan ai kalmomin rabon gado ne. Gaskiyarta: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi duk suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ushuri kuma shi ne ɗaya bisa goma da ake fitarwa zakkar amfanin gonar da ruwan sama ya shayar. Daga Larabci muka aro su, kamar yadda muka aro ashirin, talatin har zuwa casa'in. Rannan kaka da jika suka yi kusan awa guda suna lissafi tare, abin da littafin makaranta bai taɓa haɗa su a kai ba.

Sai dai akwai gyara, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko, haruffa masu lanƙwasa. A wasu katunan an buga daya, hudu, dari da debewa, a wasu kuma an sa ɗ ɗin daidai. Kayan koyar da yara ne, abin da ido ya saba gani shi hannu zai rubuta. Sai da na bi su da biro ina lanƙwasa kan kowace d.

Na biyu ya fi damuna, wato katin sifili. Abin da aka rubuta a bayansa kawai "ba komai". Nan take yarinyar ta tambaye ni, "To Umma, in ba komai ba ne, me ya sa ake rubuta shi?" Tambaya ce mai kyau, katin kuwa ba shi da amsarta. Asalin kalmar Balarabiya ce, sifr, ma'anarta fanko, kuma tun shekarar 628 masanin lissafin nan na Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idojin aiki da shi a matsayin lamba. Ɗaya daga cikin ayyukan sifili shi ne riƙe gurbi. Da an jera 5 da 50 da 500 a bayan katin, da yaro ya gani da idonsa cewa wannan fankon shi ya raba biyar da hamsin.

Manyan lambobi ma an yi musu gaggawa, daga ɗari sai dubu sai miliyan. Babu metan, wato ɗari biyu, babu hamsaminya, wato ɗari biyar, babu zambar, babu kuma salon nan na cewa ashirin ba ɗaya a maimakon goma sha tara, wanda shi kansa darasin ɗebewa ne. Ba a sa cika da mara ba, wato lambobin da ke rabuwa biyu daidai da waɗanda ba sa rabuwa, ba a kuma sa rabon da ke barin saura ba, irin 13 a raba 4, a samu 3 saura 1. Katin "kashi 25 cikin 100" yana nan, amma ba abin da ya nuna wa yaro cewa shi ne dai rubu'in da ya riga ya sani.

Takardar tana da kauri, ta sha hannu wata uku gefe ɗaya bai tashi ba. Ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 ina ba da shawarar a saya, da sharaɗin babba zai zauna tare da shi, don katin ba ya amsa tambaya. Ni dai na yanka kwali na ƙara guda 7 da hannuna, na sifili shi ne na farko, kuma 'yata ce ta rubuta 5, 50, 500 a bayansa.