Wace Kalkuleta Ɗalibin Ajin Farko Zai Saya Domin Kalkulus?

A jami'o'in Najeriya, ɗaliban kimiyya da injiniyanci sukan haɗu da kalkulus tun a shekarar farko, galibi a darasin MTH 102. Yawancinsu suna zuwa da kalkuletar da suka rubuta WAEC da ita, sai zangon ya yi nisa su gane ba ta kai musu ba. Kafin ka fitar da kuɗi, fara tambayar sashenku irin na'urar da ake bari a shiga da ita ɗakin jarrabawa. Wadda ake iya adana rubutu ko manhaja a cikinta yawanci an hana, kuma mai sa ido ba zai saurari tsadar da ka saya ba.

Mafi araha ita ce Casio fx-82MS. Tana da kyau wajen logaridim da sin da cos, amma ba ta da maɓallin ∫ ko d/dx, wato manyan ayyukan kalkulus biyu, ba ta kuma yin tebur, wato jerin amsoshin f(x) a lambobin x daban-daban. Idan kana da ita, riƙe ta a matsayin ta ko-ta-kwana. Kada ka sayi sabuwa domin wannan darasi. Haka ma fx-82ES Plus: fuskarta ta fi kyau, tana yin tebur, amma maɓallan nan biyu babu.

fx-991MS tana da su, sai dai komai a layi ɗaya ake rubuta shi, da waƙafi da baka-baka. A nan ne kuskure yake shiga. Wanda yake son (x+1)/(x−2) ya manta baka ɗaya, na'urar ta lissafa wani abu dabam, ta ba shi amsa ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Wadda muka fi ba da shawara ita ce fx-991ES Plus. Tana nuna lissafi kamar yadda malami yake rubuta shi a allo, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, iyakokin ∫ kowanne a gurbinsa. MODE 5 tana warware ikweshan mai x² da mai x³, abin da za ka buƙata sau da yawa idan aka ce ka nemo inda f′(x) = 0. MODE 7 kuma tebur ne, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi yin sakaci da shi. Saka sin x ÷ x a radiyan (ma'aunin kusurwa da kalkulus ke aiki da shi maimakon digiri), ka duba amsoshin yayin da x yake matsawa kusa da sifili: a 0.1 za ka ga 0.99833, a 0.01 kuma 0.99998, a sifili ta ce ERROR. Ma'anar limit ke nan a gaban idonka, lambar tana matsawa kusa da 1 ba tare da an taɓa sifilin ba. fx-570ES Plus tagwayenta ce a aiki. Bambancin shi ne wuta: 991 tana da farantin sola da ƙaramin batir LR44, 570 tana cin batir AAA guda, wanda ko a kantin unguwa za ka samu.

Sama da su akwai fx-991EX. Ta fi sauri, fuskarta ta fi fitowa, tana jera f(x) da g(x) a tebur ɗaya, tana kuma warware ikweshan har mai x⁴. Ɗalibin injiniyanci zai ci moriyarta har ya gama. Wadda ta biyo bayanta, fx-991CW, an tura ayyuka da yawa cikin jerin zaɓi mai suna CATALOG, don haka matakan da abokin karatunka zai nuna maka a tasa ba lallai su yi daidai da taka ba. Idan yawancin ajinku ES Plus suke riƙe, wannan ma abin dubawa ne.

Duk waɗannan lamba suke bayarwa, ba tsari ba. Ka nemi d/dx na x², ba za ta ce 2x ba. Sai ka ba ta wuri, misali x = 3, ta ce 6. Aikinta ke nan: ka yi lissafinka da biro, ka saka lamba a amsarka, ka gwada da tata. Masu fitar da 2x ɗin su ne irin TI-89 da HP Prime, masu tsada kuma waɗanda aka fi hanawa. TI-84 Plus tana zana hoto amma ita ma lamba take bayarwa. Domin zane a ɗaki, GeoGebra ko Desmos a waya kyauta ne, sun ishe ka.

Jabu sun yi yawa, kuma kwalinsu kan yi kama da na asali. Gwada a gaban mai shago. A ES Plus, danna SHIFT, MODE, 4 ka koma radiyan, sannan ka nemi ∫ sin x daga 0 zuwa π. Amsar 2 ce. Nemi ∫ x² daga 0 zuwa 3, ka ga 9. Wadda ta daɗe tana tunani, ko ta mutu a tsakiya, ko maɓallanta suke maƙalewa, ajiye ta. Karkata fuskar ka gani ko lambobin suna dushewa, ka duba ko rubutun kan maɓallan ya yi dishi-dishi.

Idan gwajin farko ya ba ka kusan 0.086 maimakon 2, kada ka zargi mai shago tukuna. Dubi saman fuskar: ƙaramin D yana nufin tana kan digiri. Dokokin kalkulus na sin da cos a radiyan kawai suke aiki, shi ya sa d/dx na sin x a sifili yake fitowa 0.01745, wato π/180, maimakon 1. Ɗalibin da ya fito daga darasin fiziks inda aka yi aiki da digiri ya mayar da kalkuletarsa R, wato radiyan, kafin ya buɗe takardar tambayoyi.