Hattara da mai tallan kayan adon kube a WhatsApp

Jama'ar Daura, musamman masu haɗa kuben takobi da hannunsu saboda hawan sallah, akwai wani macuci da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallan kayan ado. ₦18,500 yake karɓa. Wai jar fatar akuya guda, ƙyallen korino, wato koriyar fatar ado, ɗaurin tagulla uku, na baki da na tsakiya mai zobba da na gindi, har da hamila ta rataya takobi. Sai alat ya shiga zai ba direba a tasha.

Kada wani ya ce mana kwaɗayin araha ne. Bidiyo ya turo, ya jiƙa fata a gaban ido, ya ja ta, ya juya bayanta. Ya ce jimar bagaruwa ce, rinin karan dafi. Wane ne zai ji mutum yana kiran bagaruwa da karan dafi ya ce ba ɗan sana'a ba ne? Fatar bidiyon ta gaske ce wallahi, ita dai ce ba ya aikowa.

Abin da ke zuwa cikin kwali leda ce irin ta kujerar mota, bayanta zare. Ita fata ana jiƙa ta ne, a ja ta kan siraran katako biyu da aka fafe daidai ruwan takobi, a bar rarar yatsa guda, a ɗinke ta baya. In ta bushe sai ta tsuke ta kama katakon, zanen da aka danna ya zauna. Leda ba ta tsukewa, ba ta riƙe zane, basilla na shiga take yagewa. Korinon kuma fenti ne kawai, yana bin hannu.

Tun kafin kayan su iso ma ya rufe lambar. A'a, sai da ya ƙara karɓar ₦2,000 wai kuɗin mota. ₦18,500 da ₦2,000, a kan leda!

Tagullar ta fi ƙona rai. Gwangwani ne aka fesa wa ruwan zinare, zobban da gam aka manna su, ko dalma babu. Nauyin takobi duka a kan zobban nan biyu yake rataye. Ranar Hawan Magajiya doki na sukuwa zobe ya ɓalle, ina takobi zai faɗa? Ya jiƙa fata a bidiyo fa, Allah ya isa.



Kada ku biya sai kaya sun zo hannu. Ku kara mayen ƙarfe, tagulla ba ta kama shi. Ku ƙona ɗan gefe: fata ƙaurin gashi take yi, leda narkewa take. Sauran kuma ku taka wurin dukawa ku zaɓa da idonku.