Gyaran bayan RAV4 da ya zauna saboda kaya: yadda na ga aikin wani garaji a Tawa

Duk mai bin hanyar Tawa zuwa Tsarnawa ya saba ganin ƙananan motoci masu tudu, irin su Toyota RAV4, suna tafiya baya a ƙasa gaba a sama saboda kayan da aka ɗora musu. Motata ma, ƙirar 2008, ta shiga wannan sahu, domin da ita nake ɗaukar iyali da hatsi da jarkokin ruwa zuwa ƙauyenmu da ke wajen Kaita, kuma ta kai ko babu kowa a cikinta bayanta ba ya komawa inda yake a da. Na kai ta wani ƙaramin garaji a cikin garin Tawa, ina kuma ganin aikin da aka yi mata ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla, da inda aka kyauta da inda aka gaza.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne mai garajin bai taɓa ƙarfe ba sai da ya yi awo. Ya sa aka tsayar da motar a kan daɓe mai daidaito, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, sannan ya sa yaransa suka shiga baya ya sake aunawa. Ɓangaren hagu ya fi na dama zama, kuma robar da ke tare ƙarfe kada ya bugi ƙarfe ta lotse ta tsage, alamar cewa motar ta daɗe tana dukan ƙasa a duk ramin da ta faɗa. Da ya gama sai ya ce mini: "Alhaji, ko an sa maka sabon amortisa yau, gobe haka za ka ga motarka, domin rasor ne ya gaji."

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Rasor, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tsaye kusa da taya, shi ne yake ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma yake yanke tsayinta daga ƙasa. Aikin amortisa shi ne hana motar ci gaba da rawa bayan ta taka rami ko tudu. Idan rasor ya shekara yana danne a ƙarƙashin nauyin da ya fi ƙarfinsa sai ya gajarta, ba kuma ya sake miƙewa. A bayan RAV4 ta wannan zubi, wato ƙirar 2006 zuwa 2012, kowace taya da nata hannuwan ƙarfe take, saboda haka idan baya ya sauka sai saman tayoyin ya karkata ciki, gefensu na ciki ya cinye tun na waje yana da sauran ƙarfi. Mai garajin ya nuna mini wannan a tayoyina, na shafa da hannuna na ji. Sauran illolin duk direba ya san su: fitilu suna haska sama suna kashe wa mai zuwa ido, sitiyari yana yin sakayau saboda gaba ya rasa nauyi, birki kuma ba ya kamawa yadda ya kamata, wanda a hanyar da dabbobi ke tsallakawa da dare ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ya gabatar mini da hanyoyin gyara ba tare da ya matsa mini ba. Cusa roba ko guntun taya tsakanin zagayen rasor, wanda ake yi a bakin tasha da araha, ya ce ba ya yin sa a garajinsa, domin yana hana wani sashe na rasor aiki, sauran ya ɗauki dukan wahalar har ya karye. Rasor na gwanjo da aka ciro daga wata motar yana iya zama ya gaji kamar wanda za a cire, kuma ido ba ya gane hakan sai an ɗora. Ya kuma yi mini bayanin jakar iska da ake sakawa cikin rasor, irin wadda kamfanin Air Lift na Amurka yake yi, wadda ake hura wa iska idan za a ɗauki kaya a rage idan an sauke, tsakanin bar 0.3 da 2.4 a ma'aunin ƙarfin iska. Dabara ce mai kyau ga wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, amma ni da nake bin burji da tsakuwa da ƙaya, nesa da inda zan sami madadinta, na ga hankalina ya fi kwanciya da ƙarfe. Muka tsaya a kan sabon rasor mai kauri da aka yi domin ɗaukar kaya, guda biyu, hagu da dama, tare da sabbin amortisa tun da na hagu ya riga ya fara zubar da mai.

Wajen ɗorawa akwai abu ɗaya da na yaba ƙwarai, domin ba kowane makanike yake kula da shi ba. Bai ɗaure kusoshin hannuwan ƙarfe ɗaurin ƙarshe ba sai da aka sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure su mota tana rataye, robar da ke mahaɗar hannuwan, wato silanbulok, takan kasance a murɗe muddin motar tana ƙasa, kuma a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Adar, da yake wuce digiri 40, irin wannan roba ba ta daɗewa. Ya kuma maido mini da tsoffin kayan, ya jera tsohon rasor kusa da sabo domin in ga bambancin tsayinsu.

Amma abin da ya fi sa ni rubuta wannan shi ne gaskiyar da ya faɗa mini alhali ba ta ƙara masa ko dala ba. Ya karɓi takardar motar ya nuna mini nauyinta babu kaya da kuma iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ya ce tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan abin da zan iya ɗorawa, har da ni kaina. A irin wannan mota tazarar ba ta cika wuce rabin tan ba. Manya biyar masu kilo 70 sun riga sun cinye kilo 350. A ƙara buhun gero na kilo 100 da jarka biyu na lita 25, an kai kilo 500 ke nan tun ba a sa jakar kowa ba. Sabon rasor yana ɗaga mota, amma birki da tayoyi da ƙashin motar suna nan yadda aka ƙera su. Ya nuna mini lambar 102 da ke jikin tayata, wadda take nufin kilo 850 ne iyakarta idan iskarta ta cika, ya kuma ba ni shawarar in riƙa tura kaya masu nauyi can ciki jikin kujera, kada su tsaya bakin ƙofar baya ko a kan rufi.

Garajin yana da nasa naƙasu. Ba ya ajiye irin waɗannan kaya, sai da aka yi odarsu daga Yamai, kuma ranar da aka ce za su iso ta wuce ba tare da kowa ya kira ni ba. Ba shi da na'urar daidaita tayoyi, alhali duk wanda ya canza tsayin mota dole ya daidaita su, don haka sai da na je wani wuri na sake biya. Takardar shaidar biya ma sai da na nema kafin a rubuta mini, kuma babu inuwar kirki ga mai jira.

Tun bayan gyaran motar ta sha zuwa ƙauye da kaya, ta je Madawa ta dawo, ba ta sake dukan ƙasa ba, masu zuwa kuma sun daina kunna mini fitila da dare. Idan babu kowa a baya takan yi tauri a kan burji, ana jin kowace ƙaramar gargada, kuma bayanta ya ɗan fi gaba tsayi. Ya faɗa mini haka tun kafin in biya, na kuma yarda. Wanda motarsa ba ta fita gari kuma ba ta ɗaukar kaya sai jefi-jefi, rasor irin na asali ya ishe shi. Wanda ke ɗora mata kaya kowane mako kamar ni, zan tura shi wannan garaji, da sharaɗin ya nemi a rubuta masa ranar isowar kaya da kuɗin aiki tun farko, ya kuma ware kuɗin daidaita tayoyi a gefe.