Gargaɗi ga masu jita: ku yi hattara da mai tallar "man kariya" a intanet

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan gargaɗi, domin ban so in ɗora wa kowa laifi kafin in tabbatar da abin da ya faru. Yanzu da mai gyara ya gama duba jitata, kuma na ji daga bakin wasu mutum biyu da irin wannan abu ya same su, na ga cewa yin shiru ya zama taya macuci aikinsa. Kiɗan jita ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, nakan ɗauke ta da daddare bayan na taso daga aiki, kuma irina waɗannan mutane suke farauta, wato wanda yake ƙaunar abin kiɗansa ƙwarai amma bai yi zurfi a sanin halin katako da fenti ba.

Tallar tana zuwa ne a ɗan gajeren bidiyo a shafukan sada zumunta. Za ka ga hannu ya ɗiga wani ruwa a kan jita mai dauɗa, ya goge sau ɗaya, sai ga ta tana ƙyalli kamar yau aka fito da ita daga masana'anta. Abin da ake sayarwa ƙunshi ne guda: kwalbar man, ƙyallen gogewa, fakiti uku na tsirkiyoyi masu ɗauke da sunan wani sanannen kamfani, da ɗan ƙaramin ma'aunin danshin iska da ake sakawa a akwatin jita. Alkawarin da ya fi jan hankalina shi ne cewa man yana rufe katako ruf, ta yadda jita ba za ta taɓa tsagewa ba komai bushewar iska, don haka babu sauran buƙatar na'urar ƙara danshi. Ana buɗe hira da mai tallar sai ya ce akwai ragi na musamman ga wanda zai tura kuɗi kai tsaye zuwa asusunsa maimakon ya biya ta cikin dandalin da aka saka tallar, kuma ragin zai ƙare a daren. Ba zan kawo sunan shafin ba, domin tun daga lokacin da na saya ya sauya suna sau uku, kuma wanda ya riƙe suna kaɗai zai iya faɗawa hannunsu a ƙarƙashin wani sabo. Salon nasu ya kamata a riƙe.

Da kayan suka iso, na lura kwalbar ba ta ɗauke da jerin sinadaran da ke cikinta, babu adireshin wanda ya haɗa ta, babu ranar da aka yi ta. Na shafa duk da haka, kuma gaskiya jitar ta yi ƙyalli, har wuyanta ya yi santsin da hannu ke zamewa a kai. Na cire soson danshi, wato jiƙaƙƙen soson da na saba sakawa a akwati don ƙara wa iskar ciki danshi, na saka sabon ma'aunin, na ga ya nuna kashi 48 cikin ɗari, hankalina ya kwanta.

A nan ne babbar ƙaryar take, kuma ina so in tsaya a kanta sosai, domin wanda ya fahimce ta babu mai tallar da zai sake ruɗarsa da irinta. Jita mai rami, wadda ba ta lantarki ba, an yi fuskarta ne da katako siriri wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba. Fentin da ke jikinta a waje kawai yake. Duk wanda ya leƙa ta ramin sauti da tocila zai ga cewa cikinta a mafi yawan jita tsurar katako ne, babu wani shafe, kuma ta nan katakon yake shan danshi ya kumbura, ta nan kuma yake fitar da shi ya tsuke. Saboda haka ko da a ce man da aka shafa a waje nagari ne, ba shi da wata hanyar da zai hana danshi fita ta ciki. Katako yana tsukewa ne ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, alhali an manne gefunansa da gam, an kuma ɗaure shi da sanduna ta ciki, sannan ga tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 70. Idan ya rasa inda zai motsa, sai ya tsage. Wannan ne ya sa manyan kamfanonin ƙera jita, irin su Martin da aka kafa tun 1833 da Taylor da aka kafa a 1974, suke ba da shawarar a ajiye jita a inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da akwai man da zai ɗauke wa mutane wannan wahala, da waɗanda suka shafe shekaru aru-aru suna fama da tsagewar katako su ne za su fara sayar da shi.

Ma'aunin danshin kuwa, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, domin an saka shi a ƙunshin ne don ya rufe idon mai saye. Makonni shida ina buɗe akwati ina ganin lambar tana yawo tsakanin 47 da 49, alhali iskar ɗakina ta bushe har leɓe na tsagewa. Jitar kanta ta yi ta ba ni alamu ban karanta ba: bakin ƙarafunan da ke jere a wuya ya fara cizon yatsa saboda katakon ya tsuke ya bar su a waje, tsirkiyoyi sun sauko sun fara zuza, fuskar jitar ta ɗan lotsa a gaban jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Daga baya na gwada ma'aunin da gwajin gishiri, wanda kowa zai iya yi a gida. Ana cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga masa ruwa kaɗan har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a saka shi tare da ma'aunin a leda mai rufewa gam, a bar su su kwana. Iskar da ke cikin ledar takan tsaya a kashi 75 cikin ɗari, kuma ma'auni nagari zai nuna hakan ko kusa da shi. Nawa ya kwana ya tashi a kan 48.

Wata safiya na buɗe akwati na tarar da tsaga mai tsawon ɗan yatsa ta taso daga ƙasan jaki ta nufi gindin jitar. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Ya shafa fuskarta da bayan yatsansa, ya murza yatsun, ya sake shafawa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, me ka shafa mata?" Na miƙa masa kwalbar. Ya ɗiga kaɗan a kan wani guntun katako, ya goge, ya fesa masa fenti, muna tsaye muna kallo fentin ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka masu kama da idon kifi. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce alamar silikon ce, irin wanda ake zubawa a man goge kujeru da na goge mota, kuma ba tsagar ce ta dame shi ba, domin tsaga irin wannan aikin yini biyu ce. Abin da ya dame shi shi ne na ci gaba da shafa man har bayan da katakon ya fara buɗewa, silikon ya shige cikin tsagar, kuma gam ba ya kama katakon da silikon ya ratsa. Sai an yi ta wanke wurin da sinadari, wani lokaci ma sai an kankare katakon da ya sha, kafin a sa ran mannewa za ta riƙe.

Ya kuma nuna mini wani dishi-dishi a inda hannuna na dama yake kwanciya, wurin ya yi laushi yana ɗan danƙo. Wannan, in ji shi, aikin wani sinadari ne mai narkar da fenti da aka gauraya a man don ya riƙa cire dauɗa nan take a gaban kyamara. Fentin jita iri-iri ne. Akwai na zamani mai tauri, irin su foliyuritan, wanda ba ya saurin jin komai, akwai kuma na gargajiya da ake kira naitiroselulos, wanda Gibson da Martin suke amfani da shi a kan yawancin manyan jitocinsu, shi kuwa sifirit yana ɓata shi, asiton da ake goge jan farce da shi yana narkar da shi, har robar wasu matsayan jita takan bar masa tabo idan sun daɗe a haɗe. Kwalba ɗaya ba za ta dace da kowane irin fenti ba, balle a ce ita ce kuma ta wuya, ita ce ta tsirkiya. Duk wanda ya ce maka nasa man ya dace da komai, ko dai bai san jita ba, ko kuma ya san ba zai tsaya ya ga sakamakon ba.

Ashe zambar ba ta ƙare a nan ba. Da na koma wa mai tallar da hotuna, bai musa ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ba ni haƙuri cikin lafazi mai daɗi, ya ce kayansu suna da inshora, za su gyara jitar kyauta a wurin ƙwararrunsu, abin da ake buƙata kawai shi ne in biya kuɗin buɗe fayil da na dako, sannan in aika musu da jitar. A nan na tsaya. Ɗaya daga cikin mutum biyun da na ambata bai tsaya ba: ya biya, ya naɗe jitar da mahaifinsa ya bar masa ya aika, bayan kwana huɗu lambar ta daina shiga, shafin ya ɓace, har yau babu jita babu labarinta. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, kuma na ga hawaye a idonsa lokacin da yake ba ni labari.

Da na zauna na yi nazari, sai na gane cewa dukkan shirin an gina shi ne a kan jinkirin ɓarna. Ƙyalli yana bayyana cikin minti ɗaya, shi ya sa waɗanda suka saya suke rubuta yabo a ranar farko, kuma da yawa daga cikin yabon na gaskiya ne daga mutanen da ba su san abin da ke tafe ba. Tsagewa kuwa sai bayan makonni, lokacin da wa'adin mayar da kaya ya wuce, mai tallar ya sauya suna, kuma tun da kuɗin an tura shi ne kai tsaye, dandalin ba shi da wata shaidar ciniki da zai bi maka haƙƙi da ita. Ragin da suke yi wa mai biya a waje, kuɗin sayen kariyarka ne suke biya.

Tsirkiyoyin ma jabu ne. Sun yi tsatsa cikin kwana goma, ta uku ta tsinke tun ina ɗaure ta, kuma da dattijon ya auna kaurinsu bai yi daidai da abin da aka rubuta a fakiti ba. Jabun tsirkiya matsala ce da ta daɗe, har kamfanin D'Addario yana buga wata lamba ta musamman a jikin ledar ciki wadda mai saye zai iya shigarwa a shafinsa don ya tantance ingancinta. Ba tsirkiya kaɗai ake kwaikwaya ba, domin a watan Nuwamba na 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jabun jita sama da 3,000 masu ɗauke da sunan Gibson a tashar jiragen ruwa ta Los Anjeles da Long Bic. Wanda zai iya kwaikwayon jita sukutum, buga fakitin takarda ba zai ba shi wahala ba.

Abin da kula da jita yake buƙata a zahiri bai kai yadda masu talla suke zuzuta shi ba. A wanke hannu kafin a taɓa ta, a goge tsirkiyoyi da jikinta da busasshen ƙyalle mai laushi bayan an gama kiɗa, domin gumi da maiƙon hannu ne suke kashe tsirkiya. Idan dauɗa ta kama, ƙyallen da aka ɗan jiƙa da ruwa aka matse shi sosai ya isa a mafi yawan lokuta. Fuskar wuya idan ta baƙin katako ce marar fenti, kamar rozwud ko eboni, ɗigo biyu ko uku na man da aka yi don ita, sau ɗaya ko biyu a shekara lokacin sauya tsirkiya, ya wadatar, a kuma goge ragowar tas. Idan kuwa farin katako ne mai fenti, ba ya buƙatar mai sam. A ajiye jita a akwatinta nesa da rana da na'urar ɗumama ɗaki, a saka mata soson danshi idan iska ta bushe, a kuma gwada duk wani sabon ma'auni da gishiri kafin a yarda da shi.

Wanda ya riga ya sayi wannan ƙunshi, ina roƙonsa da ya daina shafawa daga yau, kada kuma ya yi ƙoƙarin wanke man da sifirit ko wani sinadarin da ya samu a gida, domin zai iya ƙara ɓarna a kan ɓarna. Ya jefar da ƙyallen da ya zo da shi tun da ya riga ya sha silikon, ya mayar da soson danshi cikin akwati, ya kai jitar wurin mai gyaran da zai iya gani ido da ido, ya tafi da kwalbar a hannunsa, ya faɗi gaskiyar sau nawa ya shafa. Ya adana hotunan hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara ga bankinsa da dandalin da ya ga tallar da hukumar kare haƙƙin masu saye ta inda yake, ko da yana ganin kuɗin ba za su dawo ba, domin yawan ƙorafi ne yake sa a rufe shafi. Kada ya aika wa kowa jitarsa, kada ya biya ko sisi da sunan inshora.

Tawa tana wurin dattijon mako na uku ke nan. Ya mayar mata da danshi a hankali har tsagar ta kusa haɗe bakinta, ya wanke wurin sau huɗu, ya manna mata ƙananan faci na katako ta ciki. Ya ce sai ta yi wata guda da tsirkiyoyi a ɗaure kafin ya iya ce mini gam ɗin ya riƙe, tabon fentin kuwa ya ce in saba da ganinsa.