Autel AL619 a kan tsohuwar Corolla: ƙafa take nunawa, ba kayan da za a saya ba

Ga mai fama da fitilar ABS (tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki) a Corolla ko Camry ta 2003 zuwa 2006, wannan na'urar gano matsalar mota ta ci kuɗinta. Ƙananan na'urorin nan masu Bluetooth galibi inji kawai suke karantawa, su ce lafiya lau alhali fitila na kunne. AL619 tana shiga kwamfutar birki da ta iyabag, ta soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.

Lambobin matsala na Toyota da na'urar ke nunawa ba su da wuya: C0200 ƙafar gaba ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. C1241 kuwa matsalar wuta ce, a fara da batir da altaneta kafin a taɓa birki. Mota na aiki, mitar awon wuta ta nuna kusan volt 14.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Sun ga C0200, sai su ruga sayen sansa, wato abin da ke auna gudun taya. A cire taya tukuna, a kwance noti mai lamba 10, a zaro sansar a hankali, don tsohuwa takan karye a cikin raminta. Bakinta maganaɗisu ne, sau da yawa za ka tarar ya yi gemu da garin ƙarfe da laka. A goge, a auna da mita: lafiyayya takan ba da om 1,000 zuwa 2,000. Ana awon ana murza wayar sansar, musamman inda take lanƙwasa idan an karya sitiyari. In lambar da ke kan mita ta yi tsalle, wayar ta tsinke a ciki.

Sannan a leƙa zoben nan mai haƙora da sansa ke karantawa, wanda ke kan shaf ɗin da ke juya taya. An sha canza shaf da wanda ba shi da zoben, ko haƙoransa ba su yi daidai ba. Sabuwar sansa ba ta maganin wannan. Alamarsa birki ya riƙa karkarwa a ƙafarka kana gab da tsayawa.

Inda na'urar ta gaza, ba ta kunna famfon ABS don fitar da iska bayan an canza shi. Kuma share lamba ba gyara ba ne. A yi ɗan zagaye da motar, in fitila ta dawo, a koma kan wayar.