Fawa bank mai ƙarfin 20,000mAh a aljihun ɗan sanda

Tun da aka tura maigidana, wanda ɗan sandan kwantar da tarzoma ne, aikin sintiri a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, babu abin da ke hana ni barci kamar in kira wayarsa da tsakar dare in ji ta a kashe, domin zuciyar matar ɗan sanda ba ta taɓa kawo mata cewa batir ne ya mutu. Dalilin da ya sa na saya masa wannan fawa bank ke nan.

Yana cika wayarsa sau uku kafin ya ƙare, abin da ke isarsa kwana biyu a shingen da babu wutar lantarki, muddin abokan aikinsa ba su yi masa layi ba. Fawa bank ɗin ya taɓa faɗowa daga bayan motar sintiri, gefensa ya kwarzane, amma bai daina aiki ba.

Aibinsa shi ne nauyi, wanda ke jan aljihun kaki, ga kuma jinkirin caji da kan cinye dare guda. Igiyar da ta zo da shi ba ta yi wata ɗaya ba ta tsinke, sai da na sayi wata. Duk da haka ban yi nadamar kuɗina ba.